Yaron da Ke Zana Goku a Bayan Littafinsa Ba Ɓarawo Ba Ne

Kwanakin baya wani matashi ya saka zanensa a Facebook. Naruto ya zana, yaron nan na katun ɗin Japan mai gashi ruwan ɗorawa, sai dai ya tuɓe masa rigarsa ya ɗaura masa warki, ya naɗe masa hannu ɗaya da zare irin na 'yan dambe. Zanen bai nuna gwaninta sosai ba. Ƙafafun sun yi tsawo, hannun hagu kuwa kamar ba na jikin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganganun da aka jera a ƙasa. Wani ya ce, "Wannan ai kwafi ne, ka zana naka mana." Wani ya ce, "Gardi da kai kana zanen katun." Wani ya ajiye hadisin hanin zana mai rai ya yi gaba. Wani kuma ya ce waya za ta yi masa wanda ya fi wannan kafin ya fiƙe fensir.

Ni a wurina, zana taurarin katun ɗin da mutum yake ƙauna koyon sana'a ne, kuma ta nan da yawa daga cikin manyan masu zanen duniya suka bi. Sake wa tauraro fasali kuwa, a canja masa sutura ko shekaru ko ƙasa amma a bar shi ana gane shi, ya fi kwaikwayo wuya nesa ba kusa ba. Ina da ja da masu yin zanen su ma, kuma zan zo kansu. Amma bari in fara da masu zagi.

"Ai kwafi ne"

Kwafi iri biyu ne. Akwai wanda zai ƙure hasken waya, ya ɗora takarda mara kauri a kai, ya bi layi. Wannan hannunsa kawai ya motsa, kuma in ya saka a intanet ya ce nasa ne, ya ci amanar mai zanen. Ba shi nake karewa ba.

Akwai kuma wanda zai ajiye hoton tauraro irin Goku, jarumin katun ɗin Dragon Ball, a gefe, ya yi ta fama da fensir da kilina har takarda ta huje. Wannan dole tambayoyi su taso masa. Me ya sa nawa Goku ya yi kama da tsoho? Sai ya gano ya ɗaga idanun sama da yawa. Me ya sa jikin bai zauna ba? Sai ya fara auna jiki da kai: babban mutum na gaske tsawonsa yakan kai kansa bakwai da rabi, ƙananan 'yan katun kuwa wani kai biyu ne, wani uku, shi ya sa suke shiga rai kamar jarirai. Daga nan zai gane cewa ba daga gashi ko ido ake farawa ba. Da'ira ake fara yi, a tsaga ta da layi biyu don a san inda fuska ta dosa, a kafa ƙirji da ƙugu, sannan a yi ado. Ranar da yaro ya gane wannan, zai iya zana Goku yana waiwaye ko yana tsugune, tsayuwar da bai taɓa gani a talabijin ba.

Yaron tela ba ya farawa da ƙirƙiro sabon ɗinki. Tsohuwar riga ake ba shi ya warware, ya ga yadda aka yanka hannu, ya ga inda wuya ya haɗu da kafaɗa, sannan ya mayar. Ban taɓa jin an kira shi ɓarawo ba.

Su kansu masu katun ɗin haka suka taso. Osamu Tezuka, wanda Japanawa ke ɗauka uban wannan sana'a a ƙasarsu, ya girma yana kallon finafinan Disney yana kwaikwayo, kuma manyan idanun nan da muke gani a katun ɗin Japan suna da jibi da wannan. Akira Toriyama ya fara Dragon Ball a 1984, kuma Goku ɗin nasa sake fasali ne: daga wani tsohon labarin Sin na Sarkin Birai ya ɗauko shi, da sunan, da sandar da ke tsawo, da gajimaren da yake hawa, har da wutsiya. Masashi Kishimoto, wanda ya fito da Naruto a 1999, ya sha faɗin cewa yana yaro zanen Toriyama yake kwaikwaya. To matashin da ya ɗaura wa Naruto warki wane sabon laifi ya ƙirƙiro?

A Tokiyo har kasuwa ake ci saboda wannan. Sunanta Comiket, an fara ta a Disamban 1975 da mutanen da ba su wuce ɗari bakwai ba, yanzu sau biyu ake yin ta a shekara, kuma a zaman ƙarshen 2019 an ƙirga shigar mutane kusan 750,000 cikin kwana huɗu. Babban kaso na abin da ake sayarwa littattafan zane ne da masoya suka buga da kuɗinsu, da taurarin da ba su suka ƙirƙira ba. Kamfanoni sun sani, galibi suna kawar da kai, domin sun san daga cikin waɗannan teburan ake samun ma'aikatan gobe. Matan nan huɗu da ake kira CLAMP, waɗanda suka yi suna a duniya, daga irin wannan bugun suka fito.

Abin da ya faru da Sonic

In ana son a ga cewa mai zanen soyayya yakan san abin da mai kuɗi bai sani ba, a dubi Sonic, shuɗiyar bushiyar nan mai gudu da kamfanin Sega ya fitar a wasan kwamfuta a 1991.

A ƙarshen Afrilun 2019 kamfanin Paramount ya saki tallan fim ɗin Sonic. An kashe kuɗi, ƙwararru ne suka yi aikin, amma da mutane suka gani sai gari ya ɗauka. An ba shi haƙoran mutum reras, an ƙanƙance idanun an raba su, an ba shi dogayen ƙafafu masu tsoka kamar ɗan tsere, an cire masa farar safar hannu. Shuɗi dai shuɗi ne, ƙayoyin bayansa suna nan, amma wanda ya tashi da shi yana kallo ya san ba shi ba ne. Cikin 'yan kwanaki intanet ta cika da gyare-gyaren masoya, kowa yana nuna yadda ya kamata a yi. Daraktan fim ɗin, Jeff Fowler, ya fito ya ce sun ji, za a gyara. Aka ɗage fitar fim ɗin daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020.

Wa aka kira ya jagoranci gyaran? Tyson Hesse, mutumin da aka fara sani da zanen barkwanci na Sonic da yake sakawa a intanet don nishaɗi, kafin a ɗauke shi aikin zana littattafan Sonic na hukuma. Ya mayar da safar hannu, ya buɗe idanun, ya rage tsawon ƙafa, ya ƙara girman kai. Fim ɗin ya fito ya tara fiye da dala miliyan 300, aka ci gaba da yin na biyu da na uku.

Abin lura a nan shi ne abin da Hesse ya sani. Duk tauraron katun yana da wasu 'yan abubuwa da in ka taɓa su ya mutu, da wasu da za ka iya canjawa yadda ka ga dama. Sanin wanne ne wanne shi ne sana'ar. Kuma yawancin waɗannan abubuwan akwai dalilinsu. An sa wa Mickey Mouse farar safar hannu a 1929 ne domin jikinsa baƙi ne, fim ɗin ma baƙi da fari, in ya ɗora hannu a ƙirji sai hannun ya ɓace. Kunnuwansa kuwa duk inda ya juya a zagaye suke, abin da ba zai yiwu ga kan gaske ba, amma da su ake gane shi daga nesa. Kamfanin Hanna-Barbera ya riƙa sa wa dabbobinsa kwala da laktaye, irin su Yogi Bear, don a raba kai da gangar jiki, a riƙa sake zana kai kaɗai jiki yana tsaye, a rage aiki da kuɗi. Masu sana'ar suna da wani gwaji mai sauƙi: ka shafe zanenka duka da baƙi, ya zama inuwa. In har yanzu ana gane ko waye, ka yi aiki. In ba a ganewa, koma.

Mickey ɗin ma da muka sani ba shi ne na 1928 ba. A ƙarshen shekarun 1930 wani mai zanen Disney, Fred Moore, ya sake masa fasali, ya tausasa jikin, aka sa masa ƙwayar ido mai motsi. Sake fasali aiki ne da ake biyan mutane albashi a kansa tun kafin a haifi iyayenmu.

Hula kaɗai ba ta isa ba

Yanzu ga jan da nake da shi da 'yan uwana masu zane.

Yawancin abin da nake gani da sunan "mayar da shi Bahaushe" lalaci ne. A ɗauko Goku yadda yake, a ɗora masa hula a kan gashin nan mai tsini, a rubuta "Malam Goku", a jira yabo. Wace hula ce ma? Zanna bukar ce, ko kube, ko damanga, ko dara, ko haɓar kada? Kowacce da tsayinta, da yadda ake kafa ta, da irin mutumin da ke sa ta. Mai zanen da bai tsaya ya duba ba, wani gwangwani mai ɗigo-ɗigo yake zanawa ya kira shi hula.

Haka babbar riga. Tana da nauyi, tana zuba daga kafaɗa, mai ita kullum yana tattare ta yana aza wa kafaɗa. Aikin da ke ƙirjinta ba kame-kame ba ne, aska biyu daban, aska takwas daban. Sannan ka tambayi kanka, jarumin da aikinsa tsalle daga rufi zuwa rufi zai yi shi cikin babbar riga? In faɗa ne halinsa, ga 'yan dambe, ga 'yan tauri da wuƙaƙensu, ga maharba da layu da burgami, ga mahayan hawan sallah da lifidi da sulke da kwalkwali, ga dogarai cikin ja da kore. In ɗan sarauta ne, rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba, kuma naɗin Buzun Agadas ba irin na hakimin Katsina ba ne. In mace ce, wane kitso? Shuku ne ko zane? Lallen na gargajiya ne da ake ƙunsawa ko na zamani mai fure? Yadda 'yar Zinder ke ɗaura kallabi da yadda 'yar jami'a a Kano ke yafa mayafi ba ɗaya ba ne.

Shi ya sa zanen matashin nan, duk da karkatattun ƙafafunsa, ya fi ɗari irin na masu hula. Ya tsaya ya yi tunani. Naruto maraya ne mai taurin kai, mai cika baki, wanda gari ya raina, yana neman a san da shi ta hanyar faɗa. A ƙasar Hausa irin wannan yaron a fagen dambe za ka same shi. Ya bar masa layukan kumatu da tsinin gashi, abubuwan da ake gane shi da su, ya canja sauran. Halin ya fassara, suturar ta biyo baya.

Akwai masu jin haushi in an mayar da farin tauraro baƙi. Wannan rigima ta fi zafi a Amurka, inda take da nata tarihin. Ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Na asalin yana nan, babu wanda ya goge shi. Kuma a inda ake sayar da man bilicin a kowane lungu, yarinyar da ta zauna ta haɗa kala har ta fitar da baƙar fata mai sheƙi ta sa wa gimbiyar da take so, ni dai ba zan hana ta ba. Fitar da baƙar fata a zane ma wani ilimi ne: in ka shafa ruwan ƙasa kawai sai fuska ta dushe, sai ka koyi inda haske ke sauka a goshi da kumatu.

Maganar addini

Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ba zan yi kamar babu ita ba. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim, kuma Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. A ɗaya ɓangaren, ya tabbata Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su. Malamai sun daɗe suna tattauna iyakar hanin. Malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa ta tashi a kai, sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle: na farko sun haramta shi in cikakke ne, na biyu suka ce makaruhi ne ko barinsa ya fi. Wasu malaman sun haramta duka biyun.

Uban da ya bi fatawa mai tsanani ya hana ɗansa zana mai rai, yana da hujjarsa, ba ni da ta cewa. Roƙona kawai kada ya karya fensirin. Katun ba fuskoki kaɗai ba ne, akwai masu zana gidaje da kasuwa da daji da sararin sama da ake ɗora taurarin a kai, kuma aiki ne mai zaman kansa. Wanda kuwa zai jefo hadisi a ƙarƙashin zanen yaro a mas'alar da malamai suka yi saɓani, ba sallama ba nasiha, ya tafi yana jin ya yi wa'azi, ya sake dubawa.

Kayan wani ne

Masu zane su ji wannan da kyau. Goku da Naruto da Sonic dukiyar kamfanoni ce. Ka zana don koyo, ka saka a shafinka, ka faɗi na waye, da wuya wani ya neme ka. Ka fara buga riguna da kofuna kana sayarwa, ka shiga gonar wani. Kawar da kan da ake yi a Japan alfarma ce, ba haƙƙi ba. A 1989 Disney ta tilasta wa wasu gidajen renon yara uku a Hallandale ta jihar Florida su goge Mickey da abokansa daga bangonsu. Mu nan kusan duk makarantar nazare akwai wani Mickey mai kumburarren kunci a katanga, babu wanda ya zo daga Amurka. Amma ranar da ka buɗe shago a intanet, ka fita daga unguwa. Najeriya ma ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023.

Mickey na fim ɗin 1928 ya fita daga kariyar doka a Amurka ranar 1 ga Janairun 2024, bayan shekara 95. A lokacin tsohon fasalin nan ne kaɗai ya fita, ba na baya-bayan nan ba. Wanda zai jira Naruto ya fita, jikokinsa ne za su ci riba.

Dokar da ta fi kusa da mu ita ce ta tsakaninmu. In fasalin wani ɗan uwanka mai zane ka gani ya burge ka, ka ambaci sunansa. Kada ka yanke sa hannunsa daga hoto.

Waya za ta yi

Za ta yi. A Maris ɗin 2025 kowa ya ga yadda aka cika intanet da hotunan da ChatGPT ya mayar irin zanen kamfanin Ghibli na Japan. Amma ka ce wa injin ya zana maka ɗan tauri, ka ga abin da zai haɗo maka daga abin da ya tsinta. Wanda bai san bambancin kube da dara ba, ba zai ma san an yi masa shirme ba. Wayar nan dai ita ce ke ɗauke da manhajar ibisPaint, wadda yara ke zane da yatsa a kai, ga manhajar zane ta Krita kyauta ga mai kwamfuta. Zaɓi ne.

"Gardi da kai"

Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni takaici, domin ita ce ta fi kashe zuciya. Gardawa ne ke yin katun, yara kallo kawai suke yi. Wasu matasa uku, biyu 'yan Najeriya ɗaya ɗan Uganda, suka kafa kamfanin Kugali, suka yi cika baki a wata hira da BBC cewa za su kayar da Disney a Afirka. Disney ta gani ta neme su, kuma a Fabrairun 2024 aka saki Iwájú, labarin Legas ta nan gaba. A Abuja Adamu Waziri ya yi Bino and Fino don yaran Najeriya su ga masu kama da su. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya ƙirƙiri jaruma Malika, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Madalla da shi. Amma mu da ganuwar Zariya take a ƙofar gidanmu, me muke yi? Muna ƙarƙashin hoton yaro muna ce masa gardi.

Ga mu da Gizo, wanda duk ɗan Hausa ya san halinsa, ya san tsamin bakinsa, ya san matarsa Ƙoƙi, amma ka tara mutum goma ka ce su kwatanta kamanninsa, goma za su ba ka. Ba shi da fuskar da aka yarda da ita, haka Dodo, haka Botorami, haka macijin rijiyar Kusugu. Duk wanda zai ba su fuska sai ya amsa irin tambayoyin da Hesse ya amsa. Ƙafa takwas za a ba Gizo ko biyu? In takwas ne, yaya zai durƙusa a gaban sarki, yaya zai riƙe ƙwarya? Kai nawa ne tsawonsa? In an shafe shi da baƙi, da me yaro zai gane shi? Ni da za a tambaye ni, ƙaton ciki zan ba shi da siraran ƙafafu da ƙananan idanu masu raba ɗaya biyu, domin a yawancin tatsuniyoyin cikinsa ne ke jefa shi a masifa.